Haƙuri da Dabara: Yadda Ake Gina Juriya a Kwarin Rima

Gabatarwa

A watannin Agusta da Satumba na shekarar 2020, gulbin Rima ya cika ya batse, ya malale fadamun shinkafa tun daga Augie da Argungu, ya biyo ta Birnin Kebbi, har zuwa inda yake zuba ruwansa a Kogin Kwara. Rahotannin da aka bayar a lokacin sun ƙiyasta cewa ruwa ya cinye gonaki kimanin hekta 450,000 a jihar Kebbi, ana saura makonni kaɗan a fara yanka. Da yawa daga manoman da abin ya shafa da bashi suka yi noman. Watanni biyar kafin nan, a cikin Maris, an yi bikin kamun kifi na Argungu bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, kuma 'yan kallo ba su daɗe da komawa gida ba annobar korona ta sa aka rufe makarantu da hanyoyi. A cikin shekara guda mutanen kwarin suka ga biki, suka ga kulle, suka ga ambaliya.

Kamar yadda al'ada ta tanada, kalmar da ta fi yawo a bakin masu jaje ita ce haƙuri. Kalma ce mai daraja, kuma babu Bahaushen da zai je gidan wanda ya yi hasara ya fito bai furta ta ba. Sai dai akwai tambayar da ta kamata masana harshe da al'adun Hausa su tsaya a kanta: shin haƙuri kaɗai ne ya riƙe mutanen wannan kwari tsawon ƙarnoni, ko kuwa akwai wasu ginshiƙai da haƙurin kansa yake jingina da su? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, juriyar Kabawa da maƙwabtansu gini ce da aka yi da abubuwa uku: zuciyar da ta saba da jira, hanyoyin neman abinci fiye da ɗaya, da jama'ar da mutum zai faɗa wa damuwarsa. Duk wanda ya ɗora wa zuciya nauyin ukun gaba ɗaya, ya ɗora mata abin da ba a taɓa ɗora mata ba a tarihin wannan ƙasa.

Kalmomin da harshe ya tanada

Harshen Hausa bai dunƙule wannan fage a kalma ɗaya ba. Akwai haƙuri, wato danne zuciya da jiran lokaci. Akwai juriya da jimiri, waɗanda ke nufin ci gaba da aiki duk da wahala. Akwai dauriya, wadda ta fi karkata ga shanye ciwo ba tare da an nuna ba. Akwai dangana, wato sallamawa bayan abin da ba shi da makawa ya auku, kamar mutuwa. Akwai tawakkali, wato dogaro ga Allah bayan an yi abin da ya kamata. Akwai naci, akwai kuma dabara. Kowace da muhallinta. Wanda ya yi dangana a inda ake bukatar dabara ya yi sakaci, wanda kuma ya yi naci a inda ake bukatar dangana ya wahalar da kansa.

A laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin halaye goma da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da karamci da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Abin lura a jerin shi ne, haƙuri bai zo shi kaɗai ba. Hankali da hikima suna gefensa, karamci da adalci kuma suna nuna cewa akwai abin da sauran jama'a za su yi wa mai haƙurin. Haka ma karin magana ya raba nauyin. Bakin da ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse, shi ne ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, shi ne kuma ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matsalar yau ita ce, a maganganun hukuma da shirye-shiryen rediyo da rubuce-rubucen ƙarfafa gwiwa da ke yawo a Facebook da WhatsApp, duk waɗannan kalmomi sun narke sun koma haƙuri da dauriya. Ana fassara tunanin Turawa game da ƙarfin zuciyar mutum ɗaya, a sa masa rigar Hausa, a miƙa wa manomin da ruwa ya cinye gonarsa. Abin da ake gaya masa a taƙaice shi ne ya gyara zuciyarsa. Ba a cika tambayar me ya rage masa na zaɓi ba.

Abin da tarihin Kabi ya nuna

Masarautar Kabi ta sauya mazauni fiye da sau ɗaya. Muhammadu Kanta ya kafa ta a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga ikon Songhai, ya gina Surame da ganuwarta ta dutse wadda kufanta ke nan har yau. Daga baya fada ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, sarautar Kabi ta tarwatse. Sarkin Kabi Karari ya tattara jama'a a Argungu, aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna shekaru masu yawa a hannun waɗanda suka ci mahaifinsa da yaƙi. A 1849 Nabame ya sake ta da sarautar Kabi a Argungu, kuma a nan take har yanzu.

An saba karanta wannan tarihi a matsayin labarin jarumtaka da taurin kai. Akwai wannan a ciki, amma akwai wani darasi da ya fi shi amfani ga zamanin yanzu. Mutanen da suka rasa birni ba su tsaya suna gadin kufai ba. Sun ɗauki abin da za a iya ɗauka, wato sarauta da sana'a da sanin kogi, suka dasa a wani wuri. Kuma lokacin da yaƙi ya gajiyar da kowa, sun san yadda ake ajiye makami. Sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla wajen 1867 tsakanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sakkwato, ya ba ɓangarorin biyu shekaru na noma da fatauci. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi na girmamawa, daga nan bikin ya samo siffarsa ta yau. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Gabar da ta ci rayuka kusan ƙarni guda ta rikiɗe ta zama taron shekara-shekara da jikokin ɓangarorin biyu ke zama a rumfa ɗaya.

Birnin Kebbi ma haka. Garin da ya kasance fadar Kabi ya zama mazaunin Sarkin Gwandu, sannan a ranar 27 ga Agusta 1991 ya zama babban birnin sabuwar jiha da ta haɗa masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ce sauya salo baƙon abu ne a wannan ƙasa ba.

Fadama, tudu da hanya

Juriyar talaka ta fi ta sarakuna bayyana a yadda ya tsara shekararsa. Manomin kwarin Rima na gargajiya bai taɓa zuba dukan begensa a gona ɗaya ba. Yana da gero da dawa da wake a tudu, yana da shinkafa a fadama. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci fadama ta cece shi, shekarar da ruwa ya yi yawa tudu ya cece shi. Shinkafar gargajiya da ake shukawa a zurfafan fadamu irin wadda ke ƙara tsawo ce yayin da ruwa ke hawa, don haka cikar gulbi ta saba ba ta zama hasara. Idan ruwa ya janye, ga su a tafkunan da ya bari, ga albasa da sauran kayan lambu a danshin da ya rage, ga makiyaya sun sauko da shanu suna cin harawa suna barin taki. Sarkawa masunta ne, amma suna noma. Manoma kuma suna da homa da gora a rataye.

Idan duk wannan bai isa ba, akwai hanya. Cin rani tsohuwar dabara ce a wannan yanki. A ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, wadda R. Mansell Prothero ya yi nazarinta, an ƙirga sama da mutum 250,000 suna ficewa ta Lardin Sakkwato zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta neman kuɗi. Tafiyar tana rage bakin da ke cin rumbu, tana kuma dawo da kuɗin haraji da na sutura. A gida kuwa akwai gayya da adashi da gudummawar biki da zakkar hatsi da rancen dami tsakanin dangi.

Ba a cewa wancan zamani aljanna ne. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da 'Yar Buhu ta 1927 da farin 1972 zuwa 1974 sun kashe mutane da dabbobi a ƙasar Hausa. A littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, Michael Watts ya nuna cewa fari yakan zama yunwa ne idan haraji da kasuwa sun riga sun raunana hanyoyin da talaka ke taimakon ɗan'uwansa. Michael Mortimore kuma, a nazarinsa na 1989 kan yadda manoman Arewa suka rayu da fari, ya nuna cewa yawan hanyoyin samu shi ne garkuwarsu. Abin da binciken biyu suka haɗu a kai shi ne, mai zaɓi ya fi marar zaɓi daɗewa a tsaye. Wannan gaskiya ce ta tattalin arziki, kuma gaskiya ce ta zuciya. Mutumin da ya san akwai wata ƙofa yana iya barci ko da an rufe ta farko.

Abin da ya sauya

Cikin shekara hamsin da suka wuce, ƙofofin nan sun yi ta ƙuntata. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, da ta Goronyo da ta biyo bayanta a kan gulbin Rima, sun sauya lokacin zuwan ruwa da yawansa. Binciken W. M. Adams na 1985 ya nuna cewa a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori cikar fadama ta ragu, noman shinkafa da na rani da kamun kifi duk suka ja baya. Manomin da kakanninsa ke karanta gulbi da ido ya wayi gari ruwan yana bin shawarar da aka yanke a ofis mai nisa. Wata shekara ruwan ya ƙi zuwa, wata shekara ya zo gaba ɗaya, kamar a Satumbar 2010, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta kuma sauko ta mamaye ƙauyukan Kebbi.

Sai zamanin shinkafar kasuwa ya zo. A ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. A 2016 jihohin Kebbi da Legas suka fito da Lake Rice, a 2017 aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Babu mai musun cewa kuɗi ya shigo, matasa sun koma fadama, noman rani ya bunƙasa. Amma ribar ta zo da sharaɗi. Gida da yawa ya tattara ƙarfinsa a kan amfanin gona guda, da iri na saye, da takin zamani na saye, da injin ban ruwa mai shan fetur, da bashin da ke jiran girbi. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ban ruwa ya ninka. Watanni biyu bayan nan aka yi juyin mulki a Jamhuriyar Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, fataucin da ke bi ta Kamba ya tsaya.

Hanya ma ta daina zama mafita mai sauƙi. Sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ya girgiza jihar baki ɗaya. A Nuwambar 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, a cikin masarautar Argungu, rahotanni suka ce an kashe mutum 15. Gonar tudu mai nisa da gari, wadda a da ita ce madogara idan fadama ta ƙi, yanzu zuwa can sai an yi shawara.

Ke nan rashin tabbas na yau ya bambanta da na jiya. Na jiya daga sama yake zuwa, kuma an san fuskarsa. Na yau yana zuwa daga sama da madatsa da banki da gidan mai da iyaka da daji, wani lokaci duka a shekara guda.

Nauyin da ke faɗa wa zuciya

Idan zaɓi ya ragu, abin da ya rage sai zuciya ta ɗauka. Magidancin da bashi ya hau kansa yakan daina zama a majalisa saboda kunya. Matar da sana'arta ita ce turara shinkafa ta shanya ta kai inji takan rasa jari a rana ɗaya da mijinta, ga bakin yara a kanta. Saurayin da ya ga noma bai fisshe shi ba, tafiya kuma ta yi haɗari, yakan nemi abin da zai kashe masa tunani. Rahoton binciken amfani da miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Nijeriya, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin bayan ɓarnar da ya yi a Arewa ta fito fili.

Al'ada tana da nata hannu a wannan nauyi. An koya wa namiji cewa kuka ba nasa ba ne, an koya wa mace cewa haƙuri shi ne adon aure. Kunya, wadda ke kare mutunci, takan kuma rufe bakin mai ciwo. Da wuya mutum ya ce yana cikin ƙuncin rai. Zai ce kansa na ciwo, ko barci ya ƙaurace masa, ko jikinsa ya mutu, ko tunani ya yi masa yawa. Idan abin ya tsananta, kalmar da ke jiransa ita ce hauka ko taɓin hankali, kuma babu gidan da ke son a jingina masa ita, musamman idan akwai 'yan mata da ba su yi aure ba. Tsakanin lafiya lau da hauka akwai fili mai faɗi wanda harshen asibiti bai riga ya yi masa suna da Hausa ba.

Ta fuskar hukuma, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga mulkin mallaka. Likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, a jihar Sakkwato, tafiya ce mai tsawo da tsada ga manomin da ke bayan Argungu. Duk wanda ke jiran likitoci su wadata kafin a yi wani abu, zai daɗe yana jira.

Abin sha'awa shi ne, ilimin halayyar ɗan'adam na zamani ya dawo kan abin da karin magana ya faɗa tun tuni. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Amurka har suka girma. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin talauci da rikicin gida sun zama manya masu natsuwa, kuma abin da ya fi yawa a tsakaninsu shi ne samun babban mutum aƙalla ɗaya da ya riƙe su da kulawa. Ann Masten ta nuna a 2001 cewa juriya tana fitowa daga abubuwan yau da kullum: iyali, makaranta, abokai, da jin cewa mutum na iya yin wani abu game da halin da yake ciki. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma binciken bai ƙara a kan haka da yawa ba.

Amsa ga mai ƙorafi

Mai karatu na iya cewa wannan magana tana rage darajar haƙuri da tawakkali, alhali su ne suka hana mutane da yawa faɗawa cikin yanke ƙauna. Ƙorafin yana da tushe. Imani da ƙaddara yana sauke wa mutum zargin kansa a kan abin da ba shi ya jawo ba, kuma sallar jam'i da zaman makoki da jaje suna hana shi kaɗaita. Duk wani shiri da ya zo yana raina waɗannan ba zai yi kwana biyu a Argungu ko Birnin Kebbi ba.

Amma addinin da ya yi umarni da haƙuri bai mayar da shi shiru ko zaman jira ba. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, mahaifinsa ya yi haƙuri mai kyau, duk da haka ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, sannan ya tura 'ya'yansa nema. A cikin ƙissar ce kuma aka tsara ajiyar hatsi ta shekara bakwai saboda fari mai zuwa. Sanannen hadisin nan na mai raƙumi ya koyar da cewa a ɗaure dabba sannan a dogara. Malaman kwarin Rima, magada Malam Abdullahi na Gwandu, sun fi kowa sanin wannan. Abin da ake suka shi ne haƙurin da mai iko ke nema daga talaka domin ya kauce wa tambaya. Wanda aka saki ruwa a kansa ba tare da gargaɗi ba yana da haƙƙin ya yi haƙuri da ƙaddara, ya kuma tambayi wanda ke riƙe da makullin madatsa.

Aikin da ke gaba

Kaso na farko na masana Hausa ne. Ana bukatar a tattara kalmomi da salon maganar da mutanen wannan yanki ke bayyana damuwa da su, a karin harshen Kabi da na Sakkwato, daga bakin mata da maza, manoma da masunta: zullumi, fargaba, ɓacin rai, ƙuncin zuciya, mutuwar jiki, da waɗanda ba su shiga ƙamus ba tukuna. Ma'aikacin lafiya a asibitin ƙauye ba zai gane ciwon da ba shi da sunansa ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya gina shirinsa na bencin abota a kan kalmar Shona mai nufin yawan tunani, ya horar da tsofaffin mata su zauna a harabar asibiti su saurari masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfaninsa. Ƙasar da ke da ungozoma da jakadiya da uwar ɗaki da malaman zaure ba ta rasa waɗanda za su yi irin wannan aiki ba. Sassan nazarin Hausa a jami'o'i da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu suna da ɗaliban da kowace shekara ke neman batun bincike.

Haka kuma akwai bukatar a rubuta ilimin kogi kafin masu shi su ƙare: yadda tsofaffi ke gane shekarar ruwa, sunayen irin shinkafa da halayensu, dokokin Sarkin Ruwa kan lokacin su da lokacin hani, da labarin yadda gidaje suka tsallake 2010 da 2020. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a tsohuwar fada a 1958, ya adana makamai da tambura; ya dace a sami inda za a adana muryoyin waɗanda suka tsira daga ruwa. Yaron da ya ji yadda kakarsa ta sake gina gida sau biyu ya sami abin da laccar ƙarfafa gwiwa ba za ta ba shi ba.

Kaso na biyu na hukuma ne, kuma shi ne mayar wa mutane zaɓi. Hasashen damina da na ambaliya da hukumomin tarayya ke fitarwa kowace shekara ya kamata ya isa kunnen manomi da Hausar da yake ji, kafin ya zuba iri. Sakin ruwa daga Goronyo da Bakolori ya kamata ya zo da gargaɗi ta rediyo da bakin hakimai da dagatai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Irin shinkafa masu jure nutsewa, kamar Faro 66 da Faro 67 da aka fitar a 2017, ya kamata su wadata a fadama. Bashin noma ya zo da inshorar da ake biya da gaske, kuma kada ya tilasta wa gida barin gero da wake da akuya. Tsaron hanya da na gonar tudu shi ma maganin damuwa ne, ko da ba a rubuta shi a takardar likita ba.

Kaso na uku na sarakuna da malamai ne. Sarakunan Arewa, ciki har da Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, sun taka rawa a yaƙi da cutar shan inna har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka a Agustan 2020. Hanyar da ta kai ɗigon rigakafi kowane zaure tana iya kai saƙon cewa ƙuncin rai ciwo ne mai magani, kuma faɗinsa ba gazawar imani ba ne.

Kammalawa

A Matan Fada, masunci ba ya shiga ruwa sai an ba da izini. Yakan yi watanni yana kallon gulbin da aka hana su a cikinsa domin kifi ya hayayyafa, kuma wannan jira haƙuri ne na gaske. Amma ranar da aka buɗe ruwa, ba ya faɗawa da haƙurin kaɗai. Yana riƙe da homa, yana kwance a kan gorar da ke hana shi nutsewa, ga dubban 'yan'uwansa a kewaye, ga masu kwalekwale suna lura da wanda ya gaji. Mutanen kwarin Rima ba su rasa haƙuri ba, kuma ba sa bukatar a zo daga nesa a koya musu shi. Abin da shekarun nan suka raba su da shi shi ne gora da homa da idon mai lura, kuma mayar musu da waɗannan aiki ne da ke kan masana da hukuma da sarakuna tun kafin damina mai zuwa.